Allon Mu'amala a Ajin Hausa: Tsokaci Kan Amfaninsa da Sharuɗɗansa a Makarantun Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tsokaci a kan allon mu'amala, wato allon lantarki da ake taɓawa da yatsa ko alƙalami ya amsa, da yadda za a ci moriyarsa wajen koyar da Hausa a makarantun masarautar Gumel ta Jihar Jigawa. An waiwayi abin da bincike ya gano a ƙasashen da suka riga saka irin wannan allo a azuzuwansu, sannan aka auna shi da yanayin yankin ta fuskar harshe da cunkoson aji da wutar lantarki da ƙura. Maƙalar tana da ra'ayin cewa allon ba ya biyan kuɗinsa sai a darasin da alli ya kasa, musamman inda ake son haɗa sauti da rubutu, kamar karin sauti da tsawon wasali da giredin aikatau. Ta kuma nuna cewa samar da kayan darasi cikin Hausa da horar da malami sun fi sayen allon wuya.

Fitilun Kalmomi: allon mu'amala, koyar da Hausa, karin sauti, Gumel, Maigatari

1.0 Gabatarwa

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Yanki ne na bakin iyaka. Daga Maigatari taku kaɗan ne mutum ya tsinci kansa a Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Damagaram, kuma kasuwar garin da ke ci kowace Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Muhimmancin wannan mashiga ya fito fili a watan Disamba na 2020, lokacin da Maigatari ta kasance ɗaya daga cikin iyakoki huɗu da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa bayan rufewar da aka yi tun watan Agusta na 2019. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) aka kafa Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari domin jawo masana'antu da 'yan kasuwa, kuma wannan gwamnati ce ta kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. Ke nan sha'awar fasahar zamani ba baƙuwa ba ce a Jigawa.

A 'yan shekarun nan sha'awar ta karkata zuwa cikin aji. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta kafa, ta ɗauki aikin gina makarantun gwaji na zamani, ɗaya a kowace jiha da Abuja, kuma allon mu'amala yana cikin manyan kayan da ake ƙawata su da shi. Makarantu masu zaman kansu ma sun mayar da shi abin talla ga iyaye. Saboda haka tambayar da ke gaban makarantun Gumel da maƙwabtanta ita ce ta abin da za a yi da allon idan ya iso, domin isowarsa magana ce ta lokaci da kasafin kuɗi kawai. Malamin Hausa yana da haƙƙi na musamman a wannan tambaya. A bisa al'ada, duk sabon kayan aikin da ya shigo makaranta akan kai shi ɗakin kimiyya ko na kwamfuta, a bar darasin Hausa da alli da littafi guda. Wannan maƙala tana ganin cewa akwai sassan darasin Hausa da suka fi darussa da dama buƙatar allon, kuma dalilin yana cikin tsarin rubutun boko kansa.

2.0 Sunan Allon da Yadda Yake Aiki

A bakin jama'a akan ji "allon zamani" ko "allon kwamfuta". Sunan farko ya yi faɗi, domin farin allon da ake rubutu a kansa da maka shi ma na zamani ne idan aka kwatanta shi da baƙin allon siminti. Na biyu kuwa yana iya rikicewa da fuskar kwamfuta. An zaɓi "allon mu'amala" a nan saboda kalmar mu'amala tana buƙatar ɓangarori biyu, mai yi da mai amsawa, kuma wannan ita ce siffar da ta bambanta allon da sauran alluna.

Kamfanin SMART Technologies na birnin Kalgari a Kanada, wanda David Martin da Nancy Knowlton suka kafa a 1987, shi ya fitar da allon SMART Board a 1991. Daga baya kamfanin Promethean na Ingila ya zama babban abokin gogayyarsa a makarantu. Tsohon samfuri abubuwa uku ne a haɗe: kwamfuta, da majigi mai haska hoton abin da ke cikinta, da kuma farin allo mai gane wurin da aka taɓa ya sanar da kwamfutar. Wani allon leda biyu ne da ke haɗuwa idan an danna, wani kuma sai da alƙalaminsa na musamman. Sabon samfuri, wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu, kamar ƙatuwar talabijin yake mai inci 65 ko 75 ko 86, ba ya buƙatar majigi. Yawancin irinsa suna da wani haske da ido ba ya gani wanda ke kai-komo tsakanin gefunan allon; duk abin da ya gitta hasken, allon zai ɗauka taɓi ne.

Abubuwa huɗu ne allon yake yi waɗanda baƙin allo ba ya yi. Yana adana abin da aka rubuta har a sake buɗe shi wani mako. Yana barin a ja kalma ko hoto daga wuri zuwa wuri ba tare da gogewa ba. Yana ɓoye abu ya bayyana shi a lokacin da malami ya so. Yana kuma haɗa rubutu da murya. Duk wani abu bayan waɗannan, kamar nuna hoto ko fim, majigi kaɗai ya isa ya yi shi a kan bango mai farin fenti, da kuɗin da bai kai na allon ba. Kalmar majigi kanta tana ɗauke da gargaɗi ga Bahaushe, domin asalinta sinimar tafi-da-gidanka ce ta zamanin Turawa, wadda ake kafawa a ƙofar fada jama'a su taru su yi kallo su watse. Ajin da allon mu'amala ya koma majigi ya zama dandalin kallo.

3.0 Abin da Ƙasashen da Suka Riga Suka Gani

Ingila ce ta fi kowace ƙasa rungumar allon da wuri. A tsakanin 2003 da 2005 gwamnatinta ta kashe miliyoyin fam wajen saka shi a makarantun firamare da sakandare, kuma ta sa jami'o'i su bi sawun aikin. Rahoton Steve Higgins da abokan aikinsa na Jami'ar Newcastle, wanda ya fito a 2005, ya sami malamai da ɗalibai suna yabon allon ƙwarai. Amma da aka duba sakamakon jarrabawar ƙasa, ɗan fifikon da aka gani a shekarar farko ya ɓace a ta biyu. Masu binciken sun kuma lura cewa darasi ya ƙara sauri, koyar da aji gaba ɗaya ya ƙaru, aikin rukuni ya ragu, amsoshin ɗalibai kuma suka gajarta.

A 2007 Gemma Moss da abokan aikinta suka fitar da nasu rahoton a kan sakandarorin Landan. Su ma ba su ga wani tasiri a kan sakamakon ɗalibai ba a shekarar farko. Abin da ya fi jan hankali a rahoton shi ne lura da suka yi cewa malamai sukan ɗauki taɓa allo a matsayin koyo, har a ba ƙaramin aiki muhimmancin da bai kai ba, kuma fitowar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya zuwa gaban allo takan rage tafiyar darasi, musamman a ajin masu rauni. A wannan shekarar dai Bridget Somekh da tawagarta ta Manchester suka sami ci gaba a firamare, amma a inda malamai suka shafe kimanin shekara biyu suna aiki da allon har ya zame musu jiki.

Meziko ta ba da darasi na daban. Shirin Enciclomedia na zamanin Shugaba Vicente Fox ya mayar da littattafan aji biyar da shida na firamare zuwa kwamfuta, ya saka alluna a dubban azuzuwa. Tunanin ɗaure allon da littafin manhaja mai kyau ne. Sai dai an kai kayan har makarantun da ba su da wutar lantarki, gyara ya yi wuya, daga baya aka jingine shirin. Idan ƙasar da ke da tsayayyar wuta da aji mai ɗalibai talatin sai da ta jira malami ya ƙware kafin ta ga amfani, to makarantar da ke Sule Tankarkar ba ta da dalilin tsammanin allon zai yi aiki da kansa.

4.0 Inda Allon Ya Fi Alli a Darasin Hausa

4.1 Karin Sauti da Tsawon Wasali

Daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Bahaushe yana karanta "fara" ya gane daga jimla ko farar riga ake nufi, ko ƙwaron da ke cin amfanin gona, ko soma aiki. A nazari kuwa kalmomi uku ne mabambanta: faraa, da fàaraa, da faaràa. Haka "kuka" take: kuukaa na hawaye, kuukàa ta miya, da kukà ta "ku ne kuka zo". Duk malamin da ya taɓa koyar da wannan a sakandare ko a matakin NCE ya san inda gizo ke saƙar. Ɗalibin yana furta kalmomin daidai tun yana goye, amma idan aka ce ya faɗi wace gaɓa ce ke da karin sama, wace ce ke da na ƙasa, sai ya shiga canke. Kunnensa ya sani, idonsa bai taɓa gani ba. A kan baƙin allo malami yana rubuta alama ya furta kalmar, muryar ta wuce, alamar ta tsaya ita kaɗai. Ɗalibai sukan ƙare da haddar misalan littafi, kuma da an kawo sabuwar kalma a jarrabawa sai haddar ta rushe.

A nan ne allon mu'amala yake da abin yi wanda ba shi da madadi. Malami zai iya naɗar muryoyi da wayarsa, ya liƙa kowace murya a jikin hoto: farar hula, fara a kan zangarniyar gero, yaro yana fara rubutu. Aka taɓa hoto sai kalmar ta fito, kuma za ta fito iri ɗaya ko sau goma aka taɓa, abin da muryar malami ba ta iya yi, domin mai maimaita kalma don koyarwa yakan ja ta ko ya ƙara mata nauyi ba da saninsa ba. Daga nan sai a raba kalmar gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a cikin akwatinta, a ja layi biyu, na sama da na ƙasa. Aikin ɗalibi shi ne ya saurara, ya ja kowace gaɓa ya ɗora ta a layin da ya dace. Idan ya ɗora "faa" a sama da "raa" a ƙasa alhali ƙwaro aka furta, malami ba ya buƙatar cewa ya yi kuskure. Sai ya ce wa aji su karanta abin da ke kan allo yadda aka jera shi, su ji da kunnensu cewa kalmar ta koma "soma aiki". Kuskuren da kansa ya zama misali.

Akwai manhajar nazarin sauti mai suna Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kuma kyauta ce. Tana zana hawa da saukar murya a matsayin layi. Ga ɗaliban kwaleji, ganin layin ya gangaro a kan kalmar kâi ta jikin mutum, ya kuma miƙe a kan kai ta wakilin suna, yana warware karin faɗau cikin minti biyar fiye da bayanin mako guda. Ga 'yan ƙaramar sakandare kuwa layi biyu da akwatuna sun wadatar. Zanen Praat zai ɗauke musu hankali ne kawai.

Wannan dabarar ta akwatuna ita ce kuma za ta yi aiki a darasin tsarin gaɓa da na karin waƙa. Idan aka ba gaɓa mai nauyi launi ɗaya, marar nauyi wani launi, aka jera baitoci a ƙarƙashin juna, ƙafafun waƙar sukan fito a ido kamar zanen tabarma, kuma inda mawaƙi ya karya kari yakan nuna kansa.

4.2 Giredin Aikatau

Tun da F. W. Parsons ya fitar da tsarin giredi bakwai a 1960, wannan babi ya zama ƙashin bayan nazarin aikatau na Hausa, ya kuma zama abin tsoron ɗalibai. Ga yaron da ya tashi a Maigatari babu aikatau da ya fi "saya" kusa da rayuwarsa. A rubuta tushen "say-" a tsakiyar allo, a jera ƙarshe-ƙarshe a gefe, kowanne da muryarsa. Giredi na biyu kaɗai yana da siga uku: "abin da ya sàyaa", "ya sàyee shi", "ya sàyi rago". Ɗalibi ya ja "rago" ya cire, ya kawo "shi", sai aji su ga cewa dole wasalin ƙarshe ya sauya. Daga nan a wuce zuwa sayoo na giredi na shida, da sayar na biyar, da sàyu na bakwai. Wurin da ya fi daɗin koyarwa shi ne inda "saye" ta giredi na biyu ta haɗu da "saye" ta giredi na huɗu. A boko rubutunsu ɗaya ne. Amma "ya sàyee shi" sayen abu ne kawai, "ya sayèe shi" kuwa kwashewa ce gaba ɗaya, irin ta dillalin da ya tare garke tun kafin ya shiga kara. Karin sauti ne kaɗai ya raba su, kuma allon da ke magana ne zai iya nuna hakan a lokaci guda da rubutun.

4.3 Hausar Bakin Iyaka

Ajin wannan yanki ba na masu karin harshe ɗaya ba ne. Akwai 'ya'yan Mangawa, waɗanda gidan sarautar Gumel ya fito daga cikinsu, akwai Fulani, akwai kuma yaran da danginsu ke tsallaken iyaka. Abin da ɗan Nijeriya ke kira kwastan, ɗan Nijar duwan yake ce masa. Biro a can bik ne, makarantar boko kuma lakwal. Hatta lissafin kuɗi ya bambanta, domin dala a Nijar sefa biyar ce, saboda haka dala ashirin sefa ɗari ke nan, jaka kuma sefa dubu. Littattafan manhaja, waɗanda aka gina a kan daidaitacciyar Hausa, ba su da wurin wannan arziki. A kan allon mu'amala kuwa za a iya buɗe taswirar yankin, a ɗora kalmomin aro na Ingilishi da na Faransanci kowace a ɓangarenta, ɗalibai su ƙara waɗanda suke ji a gida, a adana shafin. Bayan zango uku makarantar ta mallaki ɗan ƙaramin ƙamus na yankinta, wanda mai nazarin karin harshe ma zai so ya gani. Idan za a naɗi muryar wani dattijo ko ɗan kasuwa, wajibi ne a nemi izininsa, a kuma gaya masa inda za a saurare ta.

Ƙa'idar rubutu ma ta rabu a wannan iyaka. Nijeriya tana rubuta 'ya'ya, Nijar tana rubuta ƴaƴa. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, akwai alamar rubuce-rubucen can za su ƙara yawa a hannun yaran nan, kuma gara su san tsarin biyu. Sai dai a nan akwai tarko. Manhajar da ke mayar da rubutun hannu zuwa na bugu a yawancin alluna an gina ta ne a kan Ingilishi da manyan harsunan duniya, don haka takan mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Allon da ke mayar da "ƙafa" ta zama "kafa" a gaban yara yana rushe darasin ƙa'idojin rubutu ne da kansa. Mafita ita ce a kashe wannan sashe, a saka madannai masu haruffan Hausa a kwamfutar, a kuma gwada salon haruffan da aka zaɓa a tabbata yana da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Ajami kuwa ya fi dacewa a rubuta shi da hannu a kan allon. Wasu manhajojin suna iya maimaita tafiyar alƙalami a hankali, yadda ɗalibi zai ga inda harafi ya faro da inda ya ƙare.

5.0 Wa Ke Riƙe da Alƙalami?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a garuruwan Arewa ya san aji yakan ninka haka. A ɗauka aji yana da ɗalibai 70, darasi kuma minti 40 ne. Ko da malami bai ce uffan ba, kowane yaro ba zai sami fiye da daƙiƙa 34 a gaban allo ba. Ke nan tunanin cewa kowa zai taɓa allon ba mai yiwuwa ba ne, kuma ƙoƙarin yin hakan shi ne abin da rahoton Landan ya nuna yana kashe darasi: ɗaya yana aiki, sittin da tara suna jira.

Makarantar allo ta daɗe da warware wannan matsala ta hanyarta. A tsangaya kowane almajiri da allonsa a hannu. Shi ke rubutawa, ya kai wa malam ya duba, ya biya, sannan ya wanke. Abin da ya kamata a aro shi ne wannan tsari na cewa aikin yana hannun mai koyo. Kafin kowa ya fito gaba, malami ya kunna muryar, kowane ɗalibi ya rubuta amsarsa a ɗan allon hannu ko a bayan littafinsa, a ɗaga sama gaba ɗaya. Da kallo ɗaya malami ya san ko aji ya gane. Daga nan sai ya zaɓi wanda zai fito, kuma sau da yawa mai amsar kuskure ya fi amfani a fito da shi, muddin an saba wa aji cewa kuskure ba abin dariya ba ne. Yana da kyau malami ya lura da wanda yake kira, domin a ajin da ya haɗa maza da mata, masu zaman gaba da masu ɗaga hannu da sauri sukan mamaye allon, 'yan mata da yawa kuma ba sa fitowa sai an ambaci sunansu.

Saurin allon ma abin kiyayewa ne. Tun a shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta nuna cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo da ma'ana. Da alli, lokacin da malami ke rubutu shi ne lokacin da ɗalibi ke tunani. Allon mu'amala ya ɗauke wannan jinkiri, shafi yana bin shafi da taɓi ɗaya, don haka sai malami ya mayar da shi da gangan.

Sannan akwai girma. Allo mai inci 75 faɗinsa bai wuce santimita 166 ba, tsayinsa kuma 93. Baƙin allon siminti na makarantun gwamnati yakan ninka wannan faɗi. Kuskure ne babba a kankare shi ko a rufe shi da sabon allo. A bar shi a gefe ya riƙe abin da ake son ya zauna har ƙarshen darasi, sabon kuma ya ɗauki abin da ke motsi da abin da ke magana. Kafin darasi malami ya je bencin ƙarshe ya duba ko lanƙwasar ƙ tana ganuwa daga can.

6.0 Wuta da Ƙura da Zafi

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Jigawa da Kano da Katsina, kuma makarantar ƙauye ba za ta gina jadawalinta a kan wutar layi ba. Lissafin sola bai da tsauri. A ƙiyasi na sama, allo da kwamfuta da lasifika za su ci wat 500. Awa shida na karatu yunit uku ke nan a rana. Faranti uku masu wat 400 kowanne za su iya ɗaukar wannan a ranar arewacin Jigawa, kuma da yake lokacin makaranta ya dace da lokacin rana, ba a buƙatar batir mai yawa. Abin da ake mantawa a kasafi shi ne kuɗin sauya batir da gyaran inbata bayan 'yan shekaru, da mai goge farantan.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar majigi, ƙwan ya yi zafi ya mutu kafin lokacinsa, kuma ƙwan ba ya da araha. Wannan kaɗai ya isa a fifita samfurin da ba shi da majigi. Shi ma yana da nasa rauni: ƙurar da ta taru a gefunansa tana tare hasken da ke gane taɓi, sai layi ya riƙa yankewa. Ƙuda idan ya sauka a kai yakan bar ɗigo, hannun babbar riga ko gefen hijabi ma yakan ja layin da ba a nufa ba. Mayafin rufewa da busasshen ƙyalle mai laushi sun magance yawancin wannan. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40, alhali yawancin kamfanoni suna ƙayyade 35 ko 40 a matsayin iyakar zafin da allon zai yi aiki a ciki. Ɗaki mai silin da tagogi masu shan iska ya zama sharaɗi, kuma a lokacin bazara gara a tura darussan allon zuwa safiya.

Saboda waɗannan dalilai, ɗaki ɗaya mai kyau da tsaro, wanda azuzuwa ke shiga bisa jadawali, ya fi alluna goma a azuzuwan da ba su da ƙofa. Sharaɗin shi ne a rubuta darasin Hausa a cikin jadawalin tun ranar farko.

7.0 Malami da Kayan Darasi

Allon yana zuwa a kwali daga Sin ko Turai, ɗauke da dubban hotuna da darussan Ingilishi da lissafi. Babu kwalin da zai zo da muryar da ke bambanta kuukaa da kuukàa. Wannan kaya sai an ƙera shi a gida, kuma aikin masana Hausa ne. Ba a buƙatar intanet a cikin aji domin wannan. Ana shirya darasi a kwamfuta, a ɗauko shi a filashi. Manhajar OpenBoard kyauta ce kuma ba ta ɗaure da allon wani kamfani. Ta samo asali ne daga Open-Sankoré, wadda aka raɗa wa sunan masallacin Sankore na Tumbutu. Amfani da irinta yana hana darussan da aka sha wahalar shiryawa su mutu ranar da aka sauya kamfanin da ke kawo alluna.

Horon kwana biyu da ɗan kwangila ke bayarwa ranar da ya kafa allo yana koyar da kunnawa da kashewa ne. Binciken Manchester ya nuna cewa ƙwarewa tana ɗaukar kimanin shekara biyu, kuma ƙwarewar da ake nufi ita ce sanin wane sashe na darasi ne ke buƙatar allon. Masarautar Gumel ta yi sa'a a nan, domin Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a cikin garin Gumel take, kuma ɗalibanta sukan yi koyarwar gwaji a makarantun da ke kewaye. Idan aka ɗora wa kowane ɗalibin Hausa na shekarar ƙarshe shirya darasi ɗaya na allon mu'amala, da muryoyinsa da hotunansa, malaman sashe suka tace karin sautin da ƙa'idar rubutun, aka gwada shi a aji lokacin koyarwar gwaji, to cikin shekara uku za a tara abin da zai rufe manhajar ƙaramar sakandare. Tacewar ita ce matakin da ba a tsallakewa, domin alamar karin sauti da aka saka ba daidai ba za ta yaɗu a filashi daga Gumel zuwa Gagarawa, kuma yaro ya fi gaskata abin da allo ya nuna masa a kan abin da malami ya gyara da baki.